Kati ba ya bin kowa bashi

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin masu zama teburin poka, wato wasan karta na kuɗi, a gidajen caca irin na birnin Las Vegas a Amurka, wai idan an cinye ka sau biyar a jere to sa'arka ta kusa, ka ƙara kuɗi kawai. Wallahi ba haka ba ne. Kati 52 ne a cikin kwalin, kuma duk zagaye sai an sake gauraya su, katin bai san jiya ka yi asara ba balle ya tausaya maka.

Ko katin As biyu ka riƙe, wanda shi ne hannu mafi ƙarfi a farkon wasan poka nau'in Texas Hold'em, in ka gamu da mai Sarki biyu kusan sau ɗaya cikin biyar shi zai cinye ka, ga kuma gidan cacan yana yankar kasonsa daga kuɗin tebur ko wa ya ci. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ka ga mutum hannunsa na rawa, ya tashi ya je ATM ya ciro kuɗin hayar gida don ya rama, a lokacin zuciya ce ke buga masa wasan ba lissafi ba.

Masu waccan maganar ta sa'a su kan kafa hujja da Chris Moneymaker, akantan da ya ci dala miliyan 2.5 a gasar poka ta duniya ta 2003. Eh ya ci, amma mutum 839 ne suka shiga, yawancinsu dala 10,000 ɗin shigarsu ta tafi kenan.