Jama'a, Don Allah a Daina Yi wa Bishiya Aski Ƙwal-Kwabo

Makon jiya aiki ya kai ni wani ƙauye a kan hanyar Daura zuwa Zango, na tsaya sallar azahar a masallacin da na saba tsayawa. Abin da na tarar har yanzu yana ci mini rai. Darbejiya uku ce a ƙofar masallacin nan, bedi irin na da, waɗanda sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye gindin ɗaya. Yanzu kututture uku ne tsaye tsirara, ko ganye ɗaya ba a bari ba. An naɗe tabarmin da ake shimfiɗawa a waje an jingine, almajirai sun maƙale a jikin katanga da allunansu suna bin 'yar siririyar inuwa, ga zafin bazara kamar ya fasa kai.

Na gaida ladan, na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce, "Malam, rassa ne suka fara gogar kwano, ga damina tafe. Muka kira masu sara, suka ce ba sai an biya su ba, itacen ne ladansu." Na ce, "Baba, reshe nawa ne ke taɓa kwanon?" Ya ɗaga mini yatsu biyu.

Reshe biyu! Saboda reshe biyu aka kwashe inuwar da ta fi shekara talatin ana gina ta.

Ba wannan ne na farko ba. Cikin wata biyu na ga irinsa a makarantar firamare, na gani a bakin kasuwa, na gani a harabar wani ɗakin shan magani inda mata masu goyo ke jiran layi a rana. Cikin garin Daura ma haka, ƙofar gida bayan ƙofar gida. Kuma kusan ko'ina labarin ɗaya ne: an ce wa mai sara ya ɗauki itacen a bakin kuɗin aikinsa. To, wanda ladansa itace ne, me zai bar maka a sama? Ban ga laifinsa sosai ba, abincinsa yake nema. Laifin namu ne, mu masu bishiyar, da muke ƙyashin fitar da kuɗin aiki, mu shige gida mu bar mutum shi kaɗai da gatari. Alhaji, ka biya shi kuɗi a hannu, ka tsaya a gindin bishiyar ka nuna masa da sanda: wannan da wancan, shi ke nan.

Na san amsar da za a ba ni, don na ji ta har na gaji: "Ai bedi ba ya mutuwa, tofowa zai yi." Gaskiya ne zai tofo. Amma ku je ku dubi tohon da kyau. Tsirarrakin nan da ke fitowa cunkus a bakin kututture a jikin ɓawo kawai suke maƙale, ba su da saiwa a cikin zuciyar itacen kamar reshen asali. Suna tsawo da sauri, su yi nauyi, shi kuwa bakin saran yana nan buɗe, ruwan sama na kwanciya a ciki, yana ruɓewa, gara na bi. Bayan shekara uku ko huɗu, iskar farkon damina ta taso, reshen da ya kai kaurin cinya ya ɓalle ya faɗo. A kan me? A kan kwanon da aka ce ana karewa. Wanda ya aske bishiya don tsoron iska, da hannunsa ya gayyato abin da yake gudu. Kuma ba kowace ce ke tofowa ba. Tsohuwar bishiya da aka tuɓe a tsakiyar bazara, rana ta daki ɓawon da bai saba ganin rana ba, sau da yawa daga nan sai bushewa. Ganye shi ne tukunyar bishiya, da shi take dafa abincinta. Ka fasa tukunyar duka, sannan ka ce ta yi ƙiba?

A gona ma haka muke yi wa gawo, kuma wannan ya fi ba ni takaici. Kowa ya san gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore shar, ya zubo wa dabbobi 'ya'ya, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka. Sai a hau shi da gatari a sauke kansa gaba ɗaya don awaki su ci na kwana biyu, a yi asarar 'ya'yan shekaru. 'Yan uwana makiyaya, ƙugiya a bakin gora ta isa. A kakkaɓo 'ya'ya, a ɗebi ƙananan rassa gefe ɗaya bana, baɗi a koma ɗaya gefen. Duk mai ƙetarawa Jamhuriyar Nijar ta Kongolam ya nufi Matamaye, ko ya bi ta Magarya, ya ga yadda gonakin manoman can suka cika da gawo. Ba dashe suka yi ba, tun shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassabin zamani: su zaɓi toho mai ƙarfi a kututture su bar shi, su gyara masa gefe da wuƙa mai kaifi. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba. Mu nan kuwa, da yawa daga cikin layukan darbejiyar da muke sarewa iyayenmu ne suka dasa su a ƙarshen shekarun 1980, lokacin aikin dashen itatuwa na Katsina da ƙungiyar ƙasashen Turai ta wancan lokacin, EEC, ta tallafa wa, suna ɗauko ruwa a kai suna ba su, suna kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Ban ce kada a taɓa bishiya ba. Gyara dole ne, ni ma ina yi. Ga yadda ake yi, a taƙaice:

Fara da busasshen reshe, da mai ciwo, da wanda ke gogar ɗan uwansa ko gini. Kada abin da ka cire ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara. Babban aiki a bari sai lokacin sanyi, ban da tsakiyar bazara. Mangwaro kuwa sai an gama tsinke 'ya'ya.

Reshe mai kauri zarto ake sa masa, adda ta ƙananan rassa ce, kuma a wasa ta. Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasa, kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya da rabi daga jikin bishiya, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farkon, reshen zai faɗi ba tare da ya yago ɓawo har gindi ba. Na uku ka cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke wuyan reshe, amma kada ka yanke kumburin kansa, shi ne ke rufe ciwon. Kada a shafa baƙin mai, a bar wurin ya sha iska.

Reshen da ke saman rufi a ɗaure shi da igiya a sauke a hankali. Tsani a sami mai riƙewa. Yara su yi nesa. Injin zarto ba a hawa tsani da shi, na ga ƙafar da mai ɗori ya kasa gyarawa. In akwai wayar lantarki kusa, ko kusa kada ka hau, ɗanyen reshe yana jan wuta. Je ofishin kamfanin rarraba wuta, KEDCO, a ɗauke wutar tukuna.

Wanda kuma ya riga ya aske tasa, kada ya fid da rai. A daidaita bakin saran da zarto a ɗan karkace don ruwa ya zurare, a riƙa ba ta ruwa har damina ta sauka. In toho ya yi shekara, a zaɓi uku ko huɗu masu ƙarfi a kowane kututture, a cire sauran. Haka muka yi da ladan. Ya sa almajirai su riƙa juye ruwan alwala a gindinsu, ni kuma na yi masa alkawari in tohon ya yi shekara zan dawo da zartona mu zaɓa tare.