Aikin Lauya a Kano

Lauya shi ne wanda ya yi digirin shari'a, ya ci jarrabawar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, aka kuma sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. A Kano aikin yana tafiya ne a kan tafarki biyu: dokokin da aka gada daga Ingila, da fiƙihun Malikiyya wanda ya riga su zama a birnin da ƙarnuka. Lauya ɗaya yana iya tsayawa gaban babbar kotu da safe yana magana da Turanci, da azahar kuma yana kotun shari'ar Musulunci yana kare rabon gado da Hausa.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa a 1903, shari'a tana hannun alƙalai da majalisar Sarki. Alƙali yana zama da muhutinsa da magatakarda, kuma ilimin aikin yawanci gadon gida ne, ana ɗaukarsa a zaure daga littattafan fiƙihu, daga Risala zuwa Muhtasar, sannan Tuhfa ga mai son sanin tsarin sauraron ƙara. Babu lauya a wannan tsari. Akwai dai wakili, wanda mai ƙara kan naɗa ya yi magana a madadinsa, musamman matan kulle da marasa lafiya.

Turawa ba su rushe kotunan ba. Sun hana hukuncin yanke hannu da jifa, suka sa alƙalai cikin ma'aikatan En'e masu albashi, suka bai wa Razdan da Di'o ikon duba littafin shari'a da sauya hukunci. Buƙatar alƙalai masu rubuta shari'a bisa tsari ita ta kawo makarantar Shahuci a wajajen 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. Ita ce aka faɗaɗa a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wadda Kanawa suka fi sani da SAS. Daga cikin ɗalibanta akwai Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Da yawa daga alƙalan Arewa na wancan zamani nan suka yi karatu.

Dab da samun 'yancin kai aka kafa kundin laifuffuka na Arewa, wanda ake kira Final Kod, ya fara aiki a 1960, ya kuma janye shari'ar laifi daga hannun fiƙihu. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin jiha. Duk tsawon wannan lokaci an hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai; sai bayan tsarin mulki na 1979 hanin ya faɗi. Lauyoyin farko da suka buɗe ofis a Kano galibi 'yan Kudu ne da baƙi daga ƙasashen waje, suna hidimar kamfanonin gyaɗa da fatu da bankuna. A 2000 jihar ta dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifi, aka mai da kotunan yanki kotunan shari'a.

Hanyar shiga

Karatun digiri shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, 4 ga mai shiga kai tsaye da difloma. Jami'ar Bayero tana haɗa dokar Ingila da shari'ar Musulunci a digiri guda, abin da ya sa ɗalibanta ba sa baƙunta a kowace kotu. Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci tana ba da difloma, amma difloma ba ta mai da mutum lauya. Tana dai buɗe masa ƙofar jami'a ko aikin magatakardan kotu.

Bayan digiri sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, kuma tana da reshe a Bagauda. Ɗalibi ba ya da tabbacin za a tura shi reshen jiharsa. Karatun kusan shekara ɗaya ne, darussa biyar: shari'ar laifi, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban aiki. A tsakiya ana tura ɗalibi ya yi makonni a kotu da ofishin lauya, yana cika littafin abin da ya gani. Dole ne kuma ya halarci liyafar cin abinci sau 3 cikin baƙaƙen tufafi, al'adar da aka kwaso daga Landan. Taƙaddamar sanya hijabi ranar rantsarwa ta taso a 2017, aka amince da shi a 2018.

Rassan aiki

Mafi yawa suna farawa ne a ofishin wani babban lauya, suna ɗaukar masa fayil, suna neman ɗage zama, da albashi kaɗan. Wasu suna shiga Ma'aikatar Shari'a ta jiha su zama lauyoyin gwamnati, wasu bankuna da kamfanonin Bompai da Sharaɗa, wasu koyarwa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna neman lauya don rajistar kamfani, yarjejeniyar haya, da karɓo bashi, ko da yake da yawansu sun fi son shugabannin kasuwa su sasanta su tukuna.

Ana neman shekara 10 da zama lauya kafin a naɗa mutum alƙalin babbar kotu, haka ma kafin ya nemi muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975. Abubakar Balarabe Mahmoud, tsohon Antoni Janar na Kano, ya shugabanci Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya daga 2016 zuwa 2018. Mai shari'a Dije Abdu Aboki ta zama Babbar Jojin jihar a 2023.

Inda shari'a ke lalacewa

Ba kasafai shari'a ke faɗuwa don rashin gaskiya kaɗai ba. Kuskuren tsari ya fi kayar da ita. Na farko shi ne wa'adi. Ɗaukaka ƙara daga hukuncin ƙarshe na babbar kotu a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne, hukuncin tsakiyar shari'a kuwa kwana 14. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi. Na biyu sa hannu: takardar ƙara da aka sa wa sunan ofis maimakon sunan lauya mai rajista, kotu na iya watsar da ita ko an yi shekaru ana shari'a. Na uku rashin isar da sammaci yadda doka ta ce. Haka nan lauyan da bai biya kuɗin lasisinsa zuwa 31 ga Maris ba, ana iya hana shi magana a kotu.

A kotun shari'a kuwa, matsalar takan fara daga tantance mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa, domin ba lallai wanda ya kawo ƙara shi ne mai da'awa ba. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Idan aka juya su, hukuncin ya rushe. Sai i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Rashin rubuta shi a littafin shari'a kaɗai ya isa a soke hukunci a sama, kuma lauyoyin da suka ƙware nan suke fara dubawa.

A cinikin fili, kuskuren da aka fi yi shi ne biyan kuɗi kafin a binciki takardu a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar, ko sayen gidan gado daga magaji ɗaya kafin a raba. Dokar filaye ta 1978 ta kuma wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai takardar shaida.

Ladabtarwa

Kuɗin wanda ake karewa dole a ajiye shi a asusu dabam. Cin sa yana kai lauya gaban kwamitin ladabtarwa, wanda ke da ikon dakatar da shi ko share sunansa daga rajista. An kuma hana farautar masu ƙara a harabar kotu da ofisoshin 'yan sanda, ko da yake ana yi.

Batun ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a tana da hurumin sauraron abin da ya wuce aure, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon yara, har yanzu ana saɓani a kansa.