Waiwaye: Daga ina Arsenal ta samo jar riga mai fararen hannuwa?

Ranar 9 ga Janairun 2022 'yan wasan Arsenal suka shigo filin Nottingham Forest sanye da fari fat, tun daga wuya har safa, babu ko ɗigon ja a jikinsu. Ƙungiyar ce ta haɗa kai da kamfanin adidas don jawo hankali kan yadda matasa ke kashe juna da wuƙa a unguwannin Landan. Ba a kai rigar kasuwa ba, masu aikin ceto matasan aka ba wa kyauta. Forest ta ci 1-0, ta fitar da Arsenal daga Kofin FA. Amma wanda ya san tarihi ya ga wani abu daban a ranar, domin a gidan ƙungiyar da ta ba ta jan tun fil azal ne Arsenal ta tuɓe shi.

A shekarar 1886 wasu ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, kudu maso gabashin Landan, suka kafa ƙungiyar ƙwallo. Sunan farko da suka raɗa mata shi ne Dial Square, sunan wani sashe na wurin aikinsu. Talakawa ne masu cin guminsu. Kamar yadda tarihin ƙungiyar ya kawo, sisi-sisi mutum 15 suka tara, wani ɗan Sikotilan mai suna David Danskin ya ƙara sule uku daga aljihunsa, sannan aka iya sayen ƙwallo. Wanda ƙwallo ma sai da karo-karo, ina zai ga kuɗin ɗinka riguna? Sai aka yi dace akwai tsofaffin 'yan wasan Nottingham Forest biyu a cikinsu, mai tsaron gida Fred Beardsley da Morris Bates. Ta hanyarsu aka nemi taimakon tsohuwar ƙungiyarsu, ita kuma ta aiko da jajayen riguna.

Ita ma Forest aro ta yi. Tun kafuwarta a 1865 ta zaɓi ja ne don girmama Garibaldi, gwarzon haɗa kan ƙasar Italiya, wanda aka san dakarunsa da jajayen riguna. Jan da Arsenal ta fara sawa kuwa ba wannan jawur ɗin na yau ba ne. Ja ne mai duhu, kusan launin zoɓo in ya yi kauri, ana haɗa shi da farin gajeren wando. Da shi ta shiga gasar lig a 1893, da shi ta ƙetare kogin Thames ta koma filin Highbury a arewacin Landan a 1913. Har ma ya yi tafiya ƙetare: a 1906 wani jagoran ƙungiyar Sparta Prague ta ƙasar Czech ya ziyarci Ingila, rigar ta burge shi, ya koma gida da ita, kuma har gobe wannan ja mai duhu ne launin Sparta.

Mutumin da ya ba rigar kamannin da muka sani shi ne Herbert Chapman, wanda ya zo daga Huddersfield Town ya karɓi horar da ƙungiyar a 1925. Chapman mutum ne da ba ya raina ƙaramin abu. A zamaninsa Arsenal ta gwada sa lamba a bayan riga a watan Agustan 1928, lokacin da hukumomin ƙwallon Ingila ke ganin abin a matsayin bidi'a. Shi ya matsa har aka sauya wa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road suna zuwa Arsenal a 1932. Ya kawo safa mai zobe-zoben shuɗi da fari don ɗan wasa ya gane abokinsa ko da kansa na sunkuye yana kallon ƙwallo. Sai a watan Maris na 1933, a wasa da Liverpool a Highbury, 'yan wasansa suka fito da ja mai haske da fararen hannuwa.

Ruwaya biyu ake kawowa kan inda ya samo dabarar. Wasu sun ce wani ɗan kallo ya hango sanye da jar suwaita marar hannu a kan farar riga. Wasu kuma sun ce a jikin Tom Webster ya ga irin shigar, wani mai zanen barkwanci a jarida da suke buga golf tare. Ko ma wacce ce, abin da ya fi jan hankalina shi ne Chapman ya gane cewa ja kaɗai ba ya bambanta ƙungiya, don masu sa ja sun yi yawa a Ingila. Hannu fari ya sa ana gane Arsenal daga nesa, har a hoton jarida mai baƙi da fari. Bai daɗe yana kallon aikinsa ba, ciwon huhu ya yi ajalinsa a Janairun 1934. Hibernian ta Sikotilan ta kwaikwayi salon da kore, Braga ta Fotugal kuwa ta ɗauke shi ɗungurungum, har ake yi wa magoya bayanta laƙabi da 'yan Arsenal.

An taɓa gwada cire fararen hannuwan, daga 1965 zuwa 1967, magoya baya suka ƙi, aka mayar.

Rigar wasan waje tata hanyar daban, kuma nasara ce ta sa ruwan ɗorawa da shuɗi suka shiga zukata. Da su Charlie George ya ci Liverpool a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1971, shekarar da Arsenal ta haɗa kofi da lig. Da su Alan Sunderland ya karya Manchester United a 1979. Da su kuma Michael Thomas ya zura ƙwallon minti na ƙarshe a Anfield, filin Liverpool, ranar 26 ga Mayun 1989. Rigar 1991 zuwa 1993, mai ruwan ɗorawa da zane-zane masu duhu, an yi ta yi mata dariya ana cewa ayaba ce da ta sha matsa. Yau masu tara tsofaffin riguna rububinta suke yi.

Daga 1981 kasuwanci ya hau ƙirjin rigar. Kamfanin JVC ne ya fara sa sunansa, ya daɗe har 1999, sai Sega da na'urar wasanta Dreamcast, sai O2, sai kamfanin jiragen Emirates daga 2006. Masu ɗinkin ma sun yi ta karɓeɓeniya: Umbro, adidas, Nike na shekara 20 daga 1994, Puma, sannan adidas ta dawo a 2019. A 2002 aka sake tambarin, igwar da ke jikinsa mai kallon hagu ta juya dama, aka cire taken Latin ɗin da ya daɗe a ƙarƙashinta, galibi don ƙungiyar ta samu tambarin da doka za ta kare mata daga masu buga na jabu. Gaskiya abin da ba na so shi ne wannan al'ada ta fitar da riguna uku duk kaka. Kafin mai goyon baya ya gama morar wadda ya saya, an mayar da ita tsohon yayi.

Duk da haka wani lokacin sabuwar riga takan zo da ma'ana. Ta wasan waje a kakar 2024/25, baƙa mai ratsin ja da kore, an tsara ta ne tare da Labrum London, kamfanin Foday Dumbuya ɗan asalin Saliyo, don karrama magoya baya na Afirka. A Najeriya an san inda wannan ƙauna ta ƙara ƙarfi, wato zuwan Nwankwo Kanu a 1999 da lamba 25 a bayansa, da ƙwallaye ukun da ya ɗura wa Chelsea a Stamford Bridge bayan an ci Arsenal biyu. Tun lokacin ja da fari suka cika gidajen kallon ƙwallo.

Sau ɗaya ne a wannan zamani aka ajiye fararen hannuwan na kaka guda cur, kuma da dalili mai ƙarfi. A 2005/06, kakar ban kwana da Highbury, aka koma launin zoɓon nan na 1913, da rubutu ruwan zinare. Ranar 7 ga Mayun 2006 Arsenal ta doke Wigan 4-2 a wasan ƙarshe a filin. Thierry Henry ya ci uku, kuma bayan ta ukun ya durƙusa ya sumbaci ciyawar, sanye da irin jan da ma'aikatan Woolwich suka samu kyauta daga Nottingham.