Sheƙin hoton baƙi da fari a firintar fesa tawada

Sheƙin hoto shi ne yadda fuskar takarda ke maido da haske zuwa idon mai kallo. A hoton baƙi da fari da aka fitar ta firinta mai fesa tawada, sheƙin ba ya zuwa bai ɗaya. Wani wuri ya yi ƙyalli, wani ya dushe, wani kuma ya ɗauki launin tagulla idan aka karkata takardar. Aibin ya fi fitowa a hoto marar kala, domin babu wani launi da zai ɗauke hankalin ido.

Tarihi

A zamanin wankin hoto a ɗakin duhu ba a san wannan matsala ba. Ƙwayoyin azurfar da ke yin hoton suna nutse ne cikin wani siririn danƙo da aka shafa wa takarda, saboda haka fuskar ɗaya ce tun daga baƙi har fari. A ƙarƙashin danƙon akwai shafen farin ma'adini da ake kira barita, wanda ya shiga sana'ar hoto tun ƙarni na 19. Mai son ƙyalli sosai yakan manna hoton yana jiƙe a kan farantin ƙarfe mai santsi har ya bushe. Wanda ya bar shi ya sha iska yakan sami sheƙi mai laushi, kuma da wannan sheƙin ne masu sana'a ke auna kowace sabuwar takarda har yau. Takarda mai rufin roba, wadda ke bushewa da sauri, ta bayyana wajajen ƙarshen shekarun 1960.

A Sudan, wannan zamani ne ya fitar da masu hoto irin su Rashid Mahdi na Atbara da Gadalla Gubara na Khartoum. Hotunan sitidiyo na lokacin suna nan a hannun iyalai, har da Hausawan Kassala, Gadarif da Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Idan aka sake fitar da hoton kaka ta firinta aka ajiye kusa da na asali, bambancin fuskar takardar ne ke fara bayyana.

Firintocin farko sun yi amfani da tawadar rini, wadda ke nutsewa cikin shafen takarda. Sheƙinta daidai yake, amma tana saurin koɗewa. A 2000 kamfanin Epson ya fitar da Stylus Photo 2000P mai tawadar gari, wato ƙwayoyin launi da ba sa narkewa. Hoton ya daɗe, sai dai ruwan tokarsa yakan koma kore-kore a hasken rana. Tawadar UltraChrome ta biyo baya a 2002, sannan UltraChrome K3 a 2005 mai baƙi hawa uku. Wajajen 2004 firintar Epson R800 ta zo da wata tawada marar launi, Gloss Optimizer, don cike wuraren da ba su sami tawada ba. HP ta yi irin nata a Designjet Z3100 a 2006, Canon kuma a PIXMA PRO-1 a 2011. Takardun barita na firinta sun yawaita daga wajajen 2007.

Dalili

Ƙwayoyin tawadar gari sun fi ƙofofin shafen takarda mai ƙyalli girma. Ruwan ya shige, garin ya zauna a sama. Don haka inda baƙi ya yi kauri yana da sheƙinsa daban, farin takarda tsirara kuma da nasa, kamar bangon da aka yi wa fenti aka tsallake wasu wurare. Launin tagulla kuwa yana fitowa ne saboda siririn shafen tawadar yana maido da wasu launukan haske fiye da wasu.

Hanyoyin gyara

Mafi sauƙi shi ne takarda marar ƙyalli tare da baƙar tawadar da aka yi dominta. Matsalar takan tafi gaba ɗaya, amma baƙin ba ya yin zurfi. Takarda mai matsakaicin sheƙi tana rage aibin. A firintar da ke da tawada marar launi, ana iya sa ta rufe shafin duka.

Wasu kan sauke mafi farin wuri a kwamfuta daga 255, wato fari fat a ma'aunin hasken hoto, zuwa wajen 250, domin ɗan ɗigon tawada ya sauka ko'ina. Wasu kan fesa maganin kariya: a bar hoton ya kwana ɗaya, a yi feshi siriri sau biyu ko uku, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Gilashin firam ma yana ɓoye yawancin aibin, amma idan aka rufe hoto bai gama bushewa ba, tururin tawada yakan yi hazo a jikin gilashin.

A yanayin Sudan

Feshi ya fi wuya a nan. Habub, guguwar ƙurar da ke rufe Khartoum a bazara da farkon damina, tana barin ƙura a ɗaki, ƙurar kuma ta manne a jiƙaƙƙen feshi. A tsananin zafi feshin kan bushe a iska kafin ya sauka, fuskar ta yi kaushi. A Port Sudan laimar teku ce ke sa shi yin fari-fari. Firintar tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, mai tawadar rini ta fi araha kuma ba ta cika yin tagulla ba, sai dai ruwan tokarta haɗin kala ne, yana iya juyewa.

Saɓani

Masu adana kayan tarihi ba sa son feshi ko kakin da ba a iya cirewa. Masu sayar da hoto da dama suna amfani da su.