Waiwaye: Yadda Mazda ta riga Toyota cin tseren Le Mans

Tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1923, awa 24 cur ake yi ana zagaya hanya mai tsawon kilomita 13 da ɗoriya, direbobi uku na karɓa-karɓa a mota ɗaya. Gudu kaɗai ba ya kai mota gaci a wurin, sai injin da zai wuni ya kwana yana aiki bai gaza ba.

Japanawa sun daɗe da iya ƙera motar gudu. A 1967 Toyota ta fito da 2000GT, Mazda kuma ta fito da Cosmo, bayan shekara biyu Datsun 240Z ta kama kasuwar Amurka. Amma kofin Le Mans ya ci gaba da zama a hannun kamfanonin Turai da Amurka har zuwa 1991.

A shekarar nan ƙaramin kamfanin Mazda na birnin Hiroshima ya shigo da 787B mai lamba 55, fentinta ruwan lemo da kore. Injinta ba shi da fistan, wasu ƙarafa huɗu ne masu kusurwa uku ke juyawa a cikinsa, ƙararsa kuwa har cikin kunne take soka. Saura 'yan awanni a tashi, Marsandin da ke kan gaba ta ɗauki zafi ta lalace, Mazda ta wuce gaba, ta ci tseren bayan ta yi zagaye 362. Johnny Herbert da ya kai ta ƙarshe, ƙishirwa ta galabaitar da shi har ya faɗi, bai samu hawa mumbarin karɓar kofi ba. Shekara ta gaba sabbin dokoki suka rufe wa irin wannan inji ƙofa.

Toyota kuwa, mai Corolla da Hilux ɗin nan, ta ga ta kanta. Ta zo ta biyu a 1992 da 1994, haka ma a 1999 bayan taya ta fashe wa Ukyo Katayama yana bin BMW a baya. Mafi ciwo ita ce ta 2016: Kazuki Nakajima na kan gaba, saura kusan minti uku, motar ta tsaya cak a gaban 'yan kallo saboda wani ɗan mahaɗin bututun iska ya saki. Porsche ta ɗauke kofin.

Sai a 2018 Toyota ta ci, da Nakajima da Fernando Alonso da Sébastien Buemi, ta kuma riƙe kofin shekara biyar a jere. Gaskiya dai, a lokacin Audi da Porsche duk sun fice daga babban rukunin, kusan da kanta take tsere. Da Ferrari ta dawo a 2023, ita ta karɓe kofin.