Dikume: kifin da ba shi da gida sai tafki ɗaya

Wane irin kifi ne dikume?

Ɗan uwan gargaza ne, irin wadda masunta ke kawowa kasuwa daga Goronyo, sai dai ƙarami ne, da kyar yake cika tafin hannu. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai tafkin Barombi Mbo, kusa da garin Kumba a kudu maso yammacin Kamaru. Masaniyar kifi Ethelwynn Trewavas ce ta bayyana shi a 1972.

Me ya bambanta shi da gargazarmu?

Jininsa. Tafkin tsohon bakin dutse ne mai aman wuta, zurfinsa ya kai mita 110, amma iskar oksijin ba ta wuce mita 40 na sama ba. Dikume yana da himogulobin mai yawa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, shi ya sa yake iya kutsawa can inda iska ta yi ƙaranci, ya kalaci tsutsotsin wani ƙwaro mai kama da sauro, ya komo sama. Ƙwansa a baki yake riƙewa har ya ƙyanƙyashe, kenan duk wanda koma ta kwaso da ƙwai a baki, zuri'a guda ce ta tafi.

Yaya matsayinsa yake?

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a rukunin da ke dab da ƙarewa. Tafkin na da nau'o'i 11 na dangin gargaza da babu su a wani wuri, kuma tun 2006 yana cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi da tafkuna ke karewa.

Masunta ne ke neman ƙarar da shi?

Da hannun su, amma babbar ɓarnar daga tudu take. In aka sare dajin gefen tafki don noma, ruwan sama kan kwaso laka da ganye ya zuba ciki. Ruɓewarsu na cinye oksijin, sai wurin da kifi ke iya rayuwa ya tsuke. Ga ɗibar ruwa don garin Kumba, ga fargabar fashewar iskar gas daga ƙarƙashi, irin wadda ta auku a tafkin Nyos na Kamaru a 1986.

To mu a Sakkwato ina ruwanmu?

Cikewar tafki da laka da yashi ba baƙon abu ba ne ga mai zama kusa da Kware ko Kalmalo. Mu dai muna da sauƙi ɗaya: in gulbin Rima ya yi ambaliya, yakan mayar da kifi cikin tafkunan fadama. Dikume kuwa in ya ƙare a Barombi Mbo, babu gulbin da zai sake kawo shi.