Ciwon kai ya ƙi ƙarewa, hotunan ƙwaƙwalwa biyu sun saɓa wa juna: tambayoyi da amsoshi

Yakan faru mutum ya shafe watanni yana fama da ciwon kai, a tura shi sikanar, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, takardar sakamako ta fito ɗauke da kalmar Faransanci "anévrisme" da alamar tambaya a gabanta. Ya taso daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, a yi masa IRM, wani hoton daban da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, wannan karon kuma a ce ba a ga komai ba. Daga nan hankalin gida ya rabu biyu, wasu su ce an samu sauƙi, wasu su ce ɗaya daga cikin likitocin ya yi kuskure.

Mene ne wannan abin da ake zargi?

Wuri ne a jikin jijiyar jini inda bangonta ya yi rauni har ya kumburo waje, kamar yadda robar cikin tayar keke ke ɓullowa a inda ta sirance. Yawanci yakan fito a mararrabar manyan jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Ba ƙari ba ne, ba kuma ciwon daji ba. Kimanin mutum 3 cikin manya 100 na ɗauke da shi, kuma mafi yawansu sukan gama rayuwarsu bai fashe ba, ba su ma san da shi ba.

Ta yaya hotuna biyu na kai ɗaya za su saɓa?

Kalmar "hoton ƙwaƙwalwa" tana rufe gwaje-gwaje daban-daban da ba abu ɗaya suke nema ba. Sikanar da aka yi ba tare da allurar ruwan haska jijiyoyi ba ta fi ƙwarewa wajen gano jinin da ya riga ya zuba, amma ƙaramin kumburi yakan ɓace mata. IRM ta yau da kullum naman ƙwaƙwalwa take dubawa. Sai an nemi nau'in da ke bin jijiyoyi, wanda takardun likita ke kira angio-IRM, ko kuma angio-sikanar, kafin a ce an duba jijiyoyin da gaske. Saboda haka tambayar farko ita ce ko hotunan biyu iri ɗaya ne, domin sau da yawa ba su ne suka saɓa ba, tambayoyi biyu ne daban aka yi musu.

Ko da duka biyun na jijiyoyi ne, girma yana da tasiri. Abin da bai kai milimita 3 ba yana bakin iyakar abin da na'ura ke iya bambancewa. Akwai jijiyoyin da tushensu ke da ɗan faɗi tun halitta, akwai waɗanda suka lanƙwashe suka hau kan juna, kuma duka biyun sukan yi kama da kumburi a hoto. Ƙashin gindin kai yakan tare gani a sikanar, motsin kai kaɗan kuma yakan dusashe IRM. Likitan da ya rubuta alamar tambaya bai yi laifi ba, gaskiyar abin da ya gani ya faɗa.

To wanne za a yarda da shi?

Kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji. A kai hotunan kansu, faifai ko fim, ga likitan jijiyoyi ko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa guda ɗaya ya jera su ya duba. Takardar sakamako kaɗai ba ta wadatar, kuma abin takaici ne a yi doguwar tafiya zuwa Yamai an baro faifan a gida. Wani lokaci hakan kaɗai ke warware maganar. Idan shakka ta rage, akan sake hoto bayan wasu watanni, ko a yi gwajin da ya fi kowanne tabbas, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har zuwa wuya a ɗura ruwan haskawa. Gwajin na da ɗan haɗarin shanyewar jiki, shi ya sa ba a gaggawar yin sa a kan ƙaramin zargi.

Shin kumburin ne ke haddasa ciwon kan?

A mafi yawan lokuta a'a. Ƙaramin kumburin da bai fashe ba yawanci ba ya ciwo, an dai ci karo da shi ne yayin neman wani abu. Ciwon kai mai daɗewa ya fi fitowa daga ciwon ɓarin kai, ɗaurewar tsokokin wuya da kai, rashin barci, ko ƙarancin ruwan jiki a zafin watan Afrilu da Mayu. Akwai kuma dalilin da ake yawan mantawa da shi: maganin ciwon kan da kansa. Wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko tramol kwana 10 ko fiye, har tsawon watanni, zai iya wayar gari maganin ne ke riƙe masa ciwon. Ina ganin babbar asarar da ake yi ita ce a tare a kan hoto, a bar ciwon da ke hana mutum sana'a ba a yi masa magani ba.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya, ya kai ƙololuwarsa cikin minti guda, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, musamman in ya zo da amai, sanƙarewar wuya, farfaɗiya ko suma. Haka nan fatar ido ɗaya ta sauko, ko a riƙa ganin abu biyu-biyu, ko ɓarin jiki ya mutu. A tafi asibiti nan take ko da ciwon ya lafa, domin sikanar ta fi gano jinin da ya zuba a cikin awa 6 na farko. A ƙasarmu sanƙarewar wuya takan sa a tuna da sanƙarau, wanda yakan zo da zazzaɓi. Ko wanne ne daga cikin biyun, ba na jinyar gida ba ne.

Idan an tabbatar da shi, tiyata ta zama dole?

Ba kullum ba. Likita yakan auna girmansa, wurinsa, siffarsa, shekarun mai shi, da ko an taɓa samun irinsa a iyaye ko ƴan uwa na jini. Yawancin waɗanda ba su kai milimita 7 ba haɗarin fashewarsu kaɗan ne, akan sa musu ido da hoto lokaci-lokaci. Kumburin da ke girma ko ke danne jijiyar ido akan matse tushensa da ɗan ƙarfe ta hanyar tiyata, ko a cusa masa siraran wayoyi ta cikin jijiya har jini ya daina shiga. Abubuwa biyu kuwa suna hannun mai ciwon tun yau: ya bar taba sigari gaba ɗaya, ya kuma riƙa auna hawan jininsa yana shan maganinsa kullum, ba sai ranar da kai ya sara ba.